Masu kwamfutar da ake ɓalle wa kibod, yaya kuka same ta?

Ɗan Bincike:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof ɗina ta tsufa, kuma idona ya faɗa kan irin na'urar nan da take tabilet, amma in ka manna mata kibod ta koma kwamfuta, in ka gama ka ɓalle shi ka riƙe ta a hannu. Talla kam na gani har na gaji. So nake in ji daga bakin waɗanda suka yi aiki da ita. Aikina karatun takardu ne da rubuta rahoto, sai tafiya jefi-jefi. Kowa ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai biron da ake rubutu da shi a kan sikirin ne ya riƙe ni. Duk wanda ya taɓa rubuta lissafi da kibod ya san wahalar: alamar nan a sama, waccan a ƙasa, kafin ka shirya layi ɗaya ɗalibai sun fara hamma. Yanzu sai in haɗa ta da majigi, in kwantar da ita a tebur, in rubuta da hannu kamar a allo, ina fuskantar yara maimakon in ba su baya. Ayyukan da suke turowa ma a kai nake yin makin, da jan tawada kamar yadda muka saba.

Abin da ban zata zai yi tasiri ba shi ne siffar sikirin ɗin. Tawa 3:2 ce, ba 16:9 irin na yawancin laftof ba, don haka in na tsayar da ita a tsaye shafin A4 yana kusan cika fuskar, babu yawan jan shafi sama da ƙasa. Ga mai karatun takardu irinka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka tambaya tun wuri ko da biro da kibod a cikin kwalin, don galibi daban ake sayar da su. Bakin biron kuma yana cinyewa, sai an canza.

Akawu:
Malama ta faɗi gaskiya, amma ita a tebur take aiki. Ni bari in ba ka labarin cinya. Laftof ta sosai nauyinta a ƙasa yake, gaɓar da ta haɗa sikirin da kibod kuma tana da ƙarfi, duk inda ka ɗora ta za ta zauna. Wannan kuwa nauyin duk a sama yake, kibod ɗin ɗan falle ne, abin da yake tsayar da ita shi ne matokarin da ke bayanta. Wato sai cinyarka ta ɗauki tsawon kibod da kuma wurin da matokarin zai sauka. In kai ba dogo ba ne, a bakin gwiwa zai tsaya, ka motsa kaɗan ya zame. Bakinsa siriri ne, in ka daɗe har shata yake bari a cinya. A ɗan teburin kujerar jirgi ma haka, na gaba ya kwantar da kujerarsa shi ke nan aiki ya tsaya.

Ni da nake wuni cikin Excel, kibod ɗin ma bai gamsar da ni ba. In na ɗaga shi ya manne da gindin sikirin yana da daɗin kwana, amma tsakiyarsa tana ɗan lotsawa in kana bugu da sauri, ga ƙara kamar ana buga kwali. Kafofin USB kuma ba su da yawa. Na wayi gari ina yawo da maus, da abin ƙara kafofi, da caja, har jakar ta koma nauyinta na da. Taura biyu ba ta taunuwa. Na koma laftof, ita kuma na bar wa ƙanwata.

Injiniya:
Yaya Akawu ya taɓo tushen maganar. A wannan na'urar kwamfutar gaba ɗaya a bayan gilashi take: furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar), batir, ma'adana, fanka in akwai. Kibod ɗin murfi ne kawai mai madannai. Duk wani daɗi da Malama ta ji da duk wata wahala da Yaya ya sha daga nan suka fito.

Ku duba zafi. Laftof tana da fili a ƙarƙashin kibod inda iska za ta zaga. Nan kuwa an matse komai cikin kauri da bai kai santimita ɗaya ba. In furosesa ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Shi ya sa za ka ga tana tashi kamar walƙiya wajen buɗe takarda ko shiga intanet, amma ka ba ta aiki mai tsawo, kamar haɗa bidiyo, bayan 'yan mintuna sai ta fara jan ƙafa. Ni nakan ji ɗumin a tafin hannuna in na riƙe ta bayan taron bidiyo. Ribarsa dai cinyarka ba ta ƙonewa, tunda kibod ba ya ɗaukar zafi.

Na biyu, wanda ya fi cin mutane: manhajar da ke tafiyar da ita. Kamannin waje ɗaya ne, amma gida biyu ne. Akwai masu Windows, irin Surface Pro na Microsoft da ya fara fita a 2013, waɗanda kwamfuta ce cikakkiya aka ba ta jikin tabilet. Akwai irin iPad Pro na Apple da ya zo a 2015, wanda tabilet ne aka ƙara masa kibod, sai a 2020 ma ya samu cikakken tallafin maus da faifan shafawa, wato wanda ake shafawa da yatsa a madadin maus. Tun a 2012 aka ga darasin wannan: Surface RT na Microsoft ya fito da Windows ɗin da ba ya karɓar manhajojin kwamfuta da mutane suka saba da su, kasuwa ta ƙi, har kamfanin ya bayyana asarar dala miliyan 900 a kansa a 2013. Yau an samu ci gaba sosai, masu furosesan ARM (samfurin da wayoyi ke amfani da shi) irin Snapdragon suna iya tafiyar da yawancin tsofaffin manhajoji ta hanyar fassara su, batirinsu kuma yana daɗewa. Amma direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da tsohuwar firinta ko wata na'urar aiki, ba ya fassaruwa, sai an yi shi musamman don ARM. Ka rubuta sunayen manhajojin da abincinka ya rataya a kansu, ka bincika ɗaya bayan ɗaya kafin ka saya.

Mai Zane:
Ni gida biyun duka na zauna. A matsayin tabilet tsantsa, mai Windows ba ta kai irin iPad santsi ba: wasu maɓallan ƙanana ne, don maus aka yi su ba don yatsa ba, kuma kusan giram 900 ba abin da za ka riƙe da hannu ɗaya kana kwance ba ne. Amma wajen zane, matokarin da Yaya yake kuka da shi shi ne abokina. Ina kwantar da shi kusan ƙasa, in ɗora tafin hannu a gilashin ba tare da ya ɓata min layi ba. Biron yana jin matakan dannawa 4,096, ka sassauta layi ya sirance, ka danna ya yi kauri. Gilashin dai yana da sulɓi, sai da na liƙa masa leda mai ɗan kaushi kafin hannuna ya saba, ita kuma ta ƙara cin bakin biro.

Mai Gyara:
Ku bari mu da ake kawo wa bayan ta lalace mu ce wani abu. Laftof ka juya ta, ka kwance kusoshi, ga cikinta. Yawancin waɗannan ta sikirin ake shiga, kuma da gam aka manne shi. Sai ka ɗumama gefen, ka bi a hankali da siririn abu, gilashin ga shi ba kauri. Shi ya sa kafin in taɓa nake gaya wa mai ita cewa canjin batir zai iya jawo canjin sikirin. Shafin iFixit, masu kwance na'urori su auna sauƙin gyaransu, 1 cikin 10 suka ba Surface Pro na farko. A yi adalci, sababbin sun gyaru, tun Surface Pro X na 2019 aka sa wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin matokari da ake ciro ma'adanar SSD. Ram kuwa, wato ma'adanar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, da dalma yake manne a bod, babban faifan da kayan cikin ke zaune a kai. Abin da ka saya da shi, da shi za ta mutu. In aikinka da yawa kada ka tsaya a gigabait 8, nemi 16.

Wanda nake yawan gani shi ne batir ya kumbura ya turo sikirin daga ciki, musamman a wurin masu barin ta a caji dare da rana. Da yawa suna da wurin da ake ƙayyade caji ya tsaya kafin ya cika, ku kunna shi. In kun ga gefen gilashi ya fara ɗagowa ko launi ya canza a wani wuri, kada ku danna shi ya koma, ku cire caja ku kai wa mai gyara.

Inda ta fi laftof a wurina guda ne: ruwa ya zube a kibod, kibod kaɗai ya tafi. A laftof kai tsaye kan bod yake sauka.

Ɗalibar Likitanci:
Kawu Mai Gyara ka tsorata ni, tawa kullum a caji take in ina ɗaki! Yanzu zan nemo wurin nan.

Ni dai ban da kuka. Littattafanmu manya ne, yanzu duk suna ciki, ina ja musu layi ina rubutu a gefe. In ana zagayen marasa lafiya a tsaye muke, sai in ɓalle kibod in bar shi a jaka. Wani lokaci in na mayar da shi yakan ƙi amsawa. Ƙananan ƙarafan da ke haɗa su ne suke yin datti, in na goge su da busasshen ƙyalle na sake mannawa sai ya dawo. Nawa ba ya buƙatar caji ko Bluetooth, daga jikinta yake shan wuta, maganaɗisu ya ja shi ya zauna daidai. Yadin da aka rufe shi da shi ne ya fara baƙi a inda nake ɗora hannu.

Ɗan Bincike:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Karatu da biron sun ja ni, maganar cinya kuma ta tsaya min, don rabin rahotannina a hanya nake rubuta su. Babu wata tsaka-tsaki?

Akawu:
Akwai, ƙanina. Masu naɗewa baya gaba ɗaya, irin Yoga da Lenovo ta fara fitarwa a 2012. Kibod ba ya cirewa, juya shi kake yi ya koma bayan sikirin, da yawansu kuma suna karɓar biro. A cinya laftof ce sak. Amma in ka naɗe ta nauyinta duka yana hannunka, ya haura kilo ɗaya, yatsunka kuma suna taɓa madannai ta baya, ko da yake a kashe suke.

Malamar Lissafi:
Na riƙe irin wannan ta wata abokiyar aikina, ban iya tsayawa da ita a gaban aji ba, hannu yake sagewa. Malam, in za ka je dubawa kada ka gwada a kan kanta kana tsaye. Nemi kujera ka zauna, ka ɗora kowacce a cinya ka buga shafi guda, sannan ka riƙe ta a hannu ka karanta takarda mai tsawo. Ka je da irin fayil ɗin da kake aiki da shi a filash, ka tabbata kuma filash ɗin mai bakin USB-C ne, don sababbin da yawa ba su da tsohuwar kafar.