An sayar da bashi, ko rance aka ci?

Dillalin shinkafa: Jama'a ku raba mu da akantana. Ina bin wani kanti naira miliyan 10, biya sai bayan kwana 90. Kamfanin sayen bashi ya ba ni miliyan 8 a hannu, ya cire dubu 300 ladansa, ya riƙe miliyan 1.7 sai kantin ya biya. Ni na ce bashin nan ya fita daga littafina, tunda na sayar. Shi ya ƙi gogewa.

Akanta: Alhaji, tambaya ɗaya. In kantin ya karye bai biya ba, wa kamfanin zai kama?

Dillalin shinkafa: Ni mana. Haka aka rubuta a takardar.

Akanta: To ba ka sayar da komai ba, jingina ka yi. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, ba ta duba sunan da aka sa wa yarjejeniya, tana duba wanda asara za ta hau kansa. Tunda tana kanka, miliyan 10 na nan daram a matsayin bashin da kake bi, miliyan 8 kuma a rubuta ta rancen da ake bin ka. Da a ce kamfanin ne zai sha asarar, sai a goge miliyan 10 gaba ɗaya: miliyan 8 kuɗi a hannu, miliyan 1.7 abin da kake bin kamfanin, dubu 300 asarar sayarwa.

Hajiya mai kayan gini: Ni fa ina bayan Alhaji. Kuɗi sun shiga asusu, kantin ma an sanar da shi ya biya kamfanin kai tsaye. Wane irin rance ne wanda wani zai biya maka?

Akanta: Hajiya, sai ranar da ya ƙi biya za ki ga mai rancen. Kuma banki na kallon littafin nan kafin ya ba da bashi. A ɓoye miliyan 8, ai an yaudare shi.

Malamin islamiyya: Ku yi haƙuri in sa baki. Kafin a kai ga littafi, mafi yawan malamai ba su yarda a sayar wa wani bashin kuɗi da ƙasa da adadinsa ba, don kuɗi ne da kuɗi, da ragi da jinkiri. A Malesiya an halatta, amma ba a bi su ba a yawancin wurare.

Hajiya mai kayan gini: Malam, wannan kuma wata muhawarar ce, a bar ta sai bayan la'asar.

Dillalin shinkafa: To dubu 300 ɗin fa, a ina za ta zauna?

Akanta: Kuɗin ruwan rance ce, a raba ta kan wata ukun. Turo min shafin da ya yi maganar rashin biya in karanta, don wasu takardun raba asarar suke yi tsakaninku, wannan kuma lissafinsa daban.