Aikin hafsan soja: gaskiya ne ba a korar mutum sai ya cika shekara 35 a aiki?

Baban Iman:
Salamu alaikum. Ƙanena ya gama bautar ƙasa, injiniya ne, yana son neman DSSC ta sojan ƙasa, wato shiga hafsan soja na gajeren wa'adi ga waɗanda suka riga suka yi karatun sana'a. A gida ana ce masa aikin soja ya fi na ma'aikata tabbas, albashi ba yankewa har shekara 35. Masana, haka abin yake? Kuma yaya ƙarin girma ke tafiya?

Na Jaji:
Wa alaikumus salam. Shekara 35 iyaka ce, ba alkawari ba. Abin da zai fara dubawa shi ne ƙofar da zai shiga. Wanda ya bi NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshi, ya yi kwas na dindindin, shekara biyar, yana fitowa da anini ɗaya, kuma shi ake renon ya jagoranci bataliya da birged. Ɗan DSSC kuwa horonsa na 'yan watanni ne, yana fitowa Laftanar mai anini biyu, amma wa'adinsa shekara 15 ne gaba ɗaya, sai in ya nemi a mayar da shi na dindindin kuma aka amince. Nan mutane da yawa ke sakaci, su bari lokaci ya ƙure.

Ƙarin girma kuma ba ya zuwa don shekaru sun cika kawai. Akwai jarrabawar Laftanar zuwa Kyaftin, akwai ta Kyaftin zuwa Manjo, ta rubutu da ta fili. Manjo sai ya ci jarrabawar shiga babban kwas na kwalejin hafsoshi ta Jaji, ya kuma gama kwas ɗin. Kanar da ke hangen Birgediya Janar yana buƙatar Kwalejin Tsaro ta Abuja, ko NIPSS, cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta Kuru, ko makamancinsu a waje. Bayan duk wannan sai kwamiti ya zauna ya duba rahoton shekara-shekara da manyansa suka rubuta a kansa, lafiyar jikinsa, da ko yana da tabon ladabtarwa, sannan Majalisar Sojan Ƙasa ta sa hannu. Rahoto guda mara kyau daga kwamanda yana iya bin mutum shekaru.

Hajiya Lauya:
Malam Na Jaji ya yi bayani, bari in ƙara inda ake fita ba a shirya ba. Dokokin aikin hafsoshi, waɗanda ake kira HTACOS, sun ɗora wa kowane muƙami iyakar shekarun haihuwa. Hafsan da ya daɗe a muƙami ɗaya har shekarunsa suka kai iyakar, zai tafi ko da bai yi kusa da 35 a aiki ba. Wannan ya fi cin waɗanda suka shiga da shekaru da yawa, irin 'yan DSSC. Haka wanda ya faɗi jarrabawa ko kwamiti ya tsallake shi sau uku.

Sai al'adar nan ta sama: in aka naɗa sababbin shugabannin rundunonin soja, waɗanda suka girme su a kwas sukan ajiye kaki. An gani a Yunin 2023, janar-janar da dama suka tafi lokaci guda ba don wani laifi ba. A 2016 ma an yi wa hafsoshi 38 ritayar dole, wasunsu suka je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa suka yi nasara, amma shari'ar ta ci shekaru.

Ku bambanta ritaya da kora. Mai ritaya yana da fansho da garatuti. Wanda kotun soja ta kora yana iya rasa duka.

Abu Sadik:
Ta fuskar fansho soja ya fi ma'aikacin gwamnati kwanciyar hankali, don an cire sojoji daga tsarin fanshon karo-karo, hukumarsu daban ce. Ga gida a bariki in an samu, ga asibiti.

Abin da za a sadaukar kuwa: ba yajin aiki, ba ƙungiyar ƙwadago, ba siyasar jam'iyya. Ba a ajiye aiki da wasiƙar wata ɗaya, sai an amince maka. Canjin wurin aiki na zuwa ko yara na tsakiyar zangon karatu, kuma injiniya ma ana tura shi Borno, don su ke gyara gada da tono nakiya.

Baban Iman, ka ce ya riƙe rajistarsa ta COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, yana sabunta ta. Shekararsa nawa yanzu?

Baban Iman:
28, zai cika 29 a watan Maris. Na gode ƙwarai.