Wa ya taɓa shuka anza daga iri ta yi masa?

Mai tambaya, Daura: Assalamu alaikum. Bara wani ɗan'uwa ya kawo mini irin anza, 'yar bishiyar dajin nan da ake cin 'ya'yanta, daga Damagaram, na zuba a kwalba na ajiye. Bana da ruwa ya sauka na shuka a leda 30, ko ɗaya bai fito ba. Abin ya dame ni, don a gefen gonata ta jigawa nake son ta. Ina na kuskure?

Wani dattijo, Tanut: Wa alaikumus salam. Yaro, ajiyar ce ta kashe shi. Irin anza ba gero ba ne, in ya bushe ƙayau ya daɗe, ya mutu. Ni da dilo, wato ɗan da anza ke yi, ya nuna ya yi rawaya, wajen faɗuwar damina, nake tsinkowa, in murje ɓawon da naman nan mai danƙo, in binne a makon. Rami ba zurfi, kamar gaɓar yatsa, ƙwaya uku. Kuma ka bar ledar nan. Saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye, leda kuwa nannaɗe ta take yi. Ka shuka a inda za ta zauna har abada.

Wata uwa, Gure: Gaskiyar Baba ce. Abin da zan ƙara shi ne haƙuri. Tawa ta shekara biyu ba ta wuce taƙi ɗaya ba, 'yan ganye huɗu masu kauri kamar fata, har maigida ya ce in haƙura. Ashe ƙasa take yi wa aiki. Da bazara ta ƙone komai, ita kaɗai ce kore shar a wurin. Mu da muka ga yunwar 2005 ba ma raina ta. Kwana da kwanaki muke jiƙa 'ya'yanta muna sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa wa yara. Ganyen kuma muna sawa a rumbun wake saboda ƙwari.

Wani manomi, Maigatari: Nawa sun fito, shanu suka tattake su a kaka. Yanzu kowane rami sai na kewaye shi da ƙayar magarya, in kafa sanda don kada a nome shi da ciyawa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Baba, in dilo ya nuna a wajenku, zan aiko a karɓar mini ɗanye.