Bataliyar Tungri ta Farko a Vindolanda: ina sauran sojojin suka tafi?

Ɗalibin Tarihi:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamanmu na wannan zaure game da wani rahoton soja da aka tono a Vindolanda, tsohon sansanin Romawa a arewacin Ingila. Rahoton na ranar 18 ga Mayu ne, a wajejen shekarar 90 Miladiyya, kuma ya nuna cewa Bataliyar Tungri ta Farko tana da mutum 752 a ƙarƙashin kwamandanta Yuliyus Berekundus, amma 456 daga cikinsu ba sa sansanin. A cikin 296 da suka rage ma, 31 ba su da lafiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda za a bar bakin iyaka a hannun mutum 265 kacal. Shin sakaci ne, ko kuwa waɗannan dakarun taimako dama ba a ɗauke su da muhimmanci ba?

Malamin Sakandare:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalmar "taimako" ce take ruɗar mai karatu, domin waɗannan cikakkun sojoji ne masu albashi da horo. Bambancinsu da manyan rundunoni masu mutum kimanin 5,000 shi ne cewa su ba 'yan ƙasar Roma ba ne, daga al'ummomin da daular ta ci da yaƙi ake ɗibarsu. Mutanen Tungri sun fito ne daga yankin garin Tongeren a Beljiyam ta yau, maƙwabtansu Batabiyawa kuma daga ƙasar Holan.

Idan kana son sanin darajarsu, dubi yaƙin Mons Graupius a Sikotland, wajen shekarar 83. Marubucin tarihi Tasitus ya ce Agrikola, gwamnan Romawa a Birtaniya, ya tura bataliya huɗu ta Batabiyawa da biyu ta Tungri su yi gaba da gaba da takobi, manyan rundunonin kuwa suna tsaye a baya. A ganina, wanda aka sa a sahun gaba a ranar da ta fi kowace tsanani ba za a ce an raina shi ba, ko da yake akwai lissafi mai ɗaci a ciki: Tasitus da kansa ya ɗauki nasarar da ba a zubar da jinin ɗan Roma ba a matsayin abin alfahari.

Tsohon Soja:

Malam ya yi bayani mai kyau, ni kuma zan tsaya a kan lambobin, domin duk wanda ya taɓa cika takardar ƙidayar safe a bariki zai gane wannan rahoto da kallo ɗaya. Ba a rubuta cewa mutanen nan sun ɓace ba, an faɗi inda kowa yake. Mutum 337 suna wani wuri mai suna Coria, wanda masana ke ganin shi ne Corbridge, sansanin da ke gabas a kan hanya ɗaya da Vindolanda. Mutum 46 suna aikin gadin gwamna, hafsa guda yana Landan, sauran kuma an rarraba su ƙungiya ƙungiya a wasu wurare. Cikin hafsoshi shida, ɗaya ne kawai ya kwana a gida.

Wannan alamar tsari ce. Iyaka a lokacin hanya ce da sansanoni a jere, kuma Ganuwar Hadriyan, katangar da Sarki Hadriyan ya sa aka gina a wannan iyaka, ba a fara gina ta ba sai a shekarar 122. Kwamandan da ya tara mutanensa duka a wuri guda ya bar hanya babu mai tsaro. Haka kuma soja ba kullum yake riƙe da mashi ba: wani rahoto daga wannan sansani ya lissafa mutum 343 a wuraren sana'a, 12 suna ɗinkin takalma, 18 suna ginin gidan wanka.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne marasa lafiyar nan 31. An raba su gida uku: 15 masu ciwo, 6 masu rauni, 10 masu ciwon ido. Na san abin da hayaƙi da cunkoso ke yi wa idon mutum a ɗaki guda, kuma magatakardan da ya ware masu ciwon ido daban ya san cewa ba ƙaramar matsala ba ce.

Ɗalibin Tarihi:

Na gode, Baba, wannan ya warware mini rabin matsalar. To, me ya sa aka kwaso su daga Beljiyam, kuma me suke samu a ƙarshen wahalar?

Malama Mai Bincike:

Ƙanina, babban dalili shi ne tawayen Batabiyawa na shekarar 69 zuwa 70, wanda Yuliyus Sibilis ya jagoranta, inda dakarun taimako suka juya wa Roma baya a ƙasarsu ta haihuwa. Bayan haka daular ta ƙara ƙarfafa manufar ajiye bataliyoyi nesa da danginsu.

Ladan kuwa yana zuwa ne bayan shekara 25 ta aiki. Ana ba sojan matsayin ɗan ƙasar Roma da halaccin aurensa, a rubuce a kan faranti biyu na tagulla da shaidu suka sa wa hatimi, kuma har zuwa wajen shekarar 140 'ya'yan da ya haifa yana bakin aiki suna shiga cikin wannan alheri. Shekara 25 cikin sanyi da ruwan saman arewacin Ingila ba wasa ba ce, kuma muna ganin haka a siraran allunan itace masu rubutu da aka fara tonowa a Vindolanda a 1973, waɗanda danshin ƙasa ya adana tawadarsu. A ɗaya daga cikinsu wani yana sanar da soja cewa ya aiko masa da safa, da takalma ƙafa biyu, da gajeren wando biyu.

Ita Bataliyar Tungri ba ta koma gida ba. A ƙarni na uku tana nan a sansanin Housesteads, a kan ganuwar kanta, 'yan kilomitoci daga Vindolanda, tana riƙe da sunan ƙabilar da aka kafa ta da shi.