Bil ɗin waya ya ninka min saboda intanet, in biya ko in tsaya?
(Hira ce daga lokacin da ake shiga intanet ta hanyar buga kira a layin wayar gida.)

Maman_Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure min. Bil ɗin wayar gida na watan jiya ya zo, kuɗin kiran intanet kawai ya ninka abin da na saba biya sau biyu da rabi. Ni aikina buga takardu ne a gida, in na gama sai in haɗa modem (na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya) in tura wa masu aikin ta imel in kashe, ba na kwana a kai. Na shiga asusuna na kamfanin intanet ɗin, su lissafinsu awa 23 na yi a watan gaba ɗaya, amma da na raba kuɗin da kamfanin waya suka rubuta sai na ga ya haura awa 50. Tun kafin ku tambaya: layin nan an toshe masa kiran ƙasar waje tun ranar da aka saka shi, kuma kwamfutar tana ɗakina da faswod, yara ba sa taɓa ta. Bil ɗin bai nuna kira ɗaya-ɗaya ba, jimla kawai suka rubuta. Sun ce in ban biya nan da ranar Litinin ba za su yanke. To in biya duka sannan in bi haƙƙina, ko in biya wanda na yarda da shi kawai, ko in ƙi biya sai sun yi min bayani? In aka yanke layin nan aikina ya tsaya.

Sadiq_K:
Wa alaikissalam Anti. Yara ne wlh. Ki bincika da kyau, yaran yanzu ko faswod goma kika saka sai sun gano.

Ummu_Salma:
Ki duba ko ba kiran ƙasar waje ba ne, irin wannan ya samu maƙociyata.

Maman_Husna:
Ai na faɗa a sama, babbar 'yata shekararta 6, kuma kiran waje a toshe yake.

Alhaji_Na'Allah:
Baiwar Allah kar ki biya su ko sisi sai kin ga takarda. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yaron shagona ya buɗe wani shafi, wai sai an sauke wata 'yar manhaja kafin a ga hotuna, ya danna ya amince. Ashe abin da take yi shi ne ta katse lambar kamfanin intanet ɗinmu, ta kashe ƙarar modem yadda ba za ka ji kukan nan ba, sannan ta buga wata lamba can wata ƙasa da ko sunanta ban taɓa ji ba. Mu muna ganin intanet na tafiya lafiya lau, kwana 19 muna cikin wannan halin. Da bil ya zo sai da na zauna a ƙasa, ya fi kuɗin hayar shagon na wata huɗu.

Na je ofishinsu, yarinyar da ke kanta ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce kiran daga layinka ya fita Alhaji, kai ke da alhaki. Na ce ban buga ba, ta ce na'urarka ta buga. Aka ce in biya rabi a bar min layi kafin a bincika, na ranto na biya, bayan sati biyu suka yanke duk da haka wai saura bai shigo ba. Wata bakwai ina zarya, yau manaja ya tafi taro, gobe fayil ɗina yana hedikwata, jibi wanda ya karɓi takardar ƙorafina an canza masa wurin aiki kuma babu wanda ya san inda ya ajiye ta. Kwastomomin da suka san lambar shagon duk suka watse don kullum in sun kira a kashe. Abin da ya fi min ciwo ba kuɗin ba ne ma, wani ma'aikacinsu ne da ya kalle ni a gaban mutane ya ce ai duk mai irin wannan bil ya san shafukan da yake shiga. Da furfurata. Ban samu ko kwabo ya dawo ba, na bar musu layin.

Ummu_Salma:
Innalillahi. Allah ya saka maka Alhaji, wannan maganar ta ƙarshe ta yi muni ƙwarai.

Injiniya_Bash:
Abin Alhaji sananne ne, kuma ba shi kaɗai ba. A 1997 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta kai wasu masu shafuka kotu a kan daidai wannan, manhajarsu tana kashe ƙarar modem ta buga lambar ƙasar Moldoba, ana cajin mutane sama da dala 2 duk minti, kuma kiran bai katsewa ko ka bar shafin sai ka kashe kwamfutar. A 2004 ma hukumar sadarwa ta ƙasar Ayalan sai da ta sa aka toshe bugun kai tsaye zuwa ƙasashe 13 saboda wannan damfarar, yawancinsu tsibiran tekun Fasifik. Wannan duk gaskiya ne. Amma Hajiya ta ce nata layin a toshe yake, don haka matsalarta daban.

Hajiya ga abin da nake zargi. Agogo biyu ne ke lissafa miki. Kamfanin intanet suna fara ƙirga ne bayan sunanki da faswod sun shiga. Kamfanin waya kuwa daga lokacin da modem ɗin kamfanin intanet ya ɗauka, wato duk kukan nan na daƙiƙa 20 ko 30 da na'urorin biyu suke yi suna daidaitawa, kira ne. In layinki yana da ƙara ko ruwa ya shiga mahaɗar waya, sai su kasa daidaitawa ya katse, kwamfuta ta sake bugawa da kanta. Wajen kamfanin intanet ba ki shiga ba sam, wajen kamfanin waya kin yi kira cikakke. Kuma ki duba Outlook Express, manhajar imel, yadda yake zuwa yana leƙa sabon saƙo duk minti 30, in an saita shi ya haɗa da kansa to ko kina kicin zai buga.

Alhaji_Na'Allah:
Duk wannan turancin na injiniyoyi ni ma an yi min shi, bai dawo min da layi ba.

Baba_Mai_Ritaya:
Bari in saka baki, shekara 27 na yi a sashen lissafin kuɗi na kamfanin waya kafin in ajiye aiki. 'Yata ki biya duka. Na'urar da ke yanke layi ba ta san kin rubuta ƙorafi ba, abin da ta sani akwai bashi ko babu. In kika biya kika karɓi risit, kika rubuta takarda a ranar cewa kin biya ne ba don kin yarda ba, in an gano kuskure za a zuba miki a bil na gaba. In aka yanke kuwa sai kin biya kuɗin maido da layi a kan wancan. Shawarar Alhaji ta ɓacin rai ce, ina tausaya masa amma ita za ta kai ki inda ta kai shi.

Alhaji_Na'Allah:
Malam ai ni biya na yi aka yanke! Ka karanta abin da na rubuta mana. Ku ne kuke zaune a bayan kanta, dole ka ce a biya.

Baba_Mai_Ritaya:
Rabi ka biya Alhaji, rabi da baki kuma, ba a rubuce ba. Ban ce an kyauta maka ba.

Zee_Lawal:
Baba da girmanka amma ban yarda ba. Kuɗi in ya shiga aljihunsu fitowarsa sai an sha wuya, ni nawa wata biyar ya yi kafin su rage, kuma ba duka ba. Abin da na yi karo na biyu shi ya fi: na biya daidai abin da na saba biya, na rubuta takarda kwafi biyu na ce ga adadin da nake jayayya a kai, na tsaya sai da aka buga min hatimi da kwanan wata a kan kwafina. Ba su yanke ba. A wurare da yawa ƙa'idar hukumar da ke kula da sadarwa ta hana yanke layi a kan kuɗin da ake kan bincikensa matuƙar ka biya sauran, ki nemi ƙa'idar taku ki gani, galibi tana bayan bil ɗin da ƙananan rubutu.

Sadiq_K:
To wai nawa ne ma minti ɗaya? Ni na san kiran cikin gari sau ɗaya ake caja ko awa nawa ka yi.

Zee_Lawal:
Ina? Duk minti ake caja, da dare ne kawai yake komawa rabi.

Ummu_Salma:
Mu namu da dare ma bai raguwa, sai ƙarshen mako.

Baba_Mai_Ritaya:
Kowannenku tsarin da yake kai daban ne shi ya sa. A lokacinmu da yunit ake lissafi, kiran cikin gari duk minti 3 yunit ɗaya, ko daƙiƙa 10 ka yi an ci yunit ɗin nan. Lambar da ba a ɗauka ba, ba a caji, sai wadda aka ɗauka.

Injiniya_Bash:
Yauwa, kun ga Baba da kansa ya tabbatar da maganata. Kuma Hajiya ki duba lambar da kwamfutar ke bugawa, wani lokacin in ta garinku ta cika sai mai gyara ya saka ta wani gari, ita kuma kuɗin kiran nesa ake caja.

Ɗan_Autan_Mama:
Ni dai kakata duk lokacin da modem ya fara kukan nan sai ta fara karanto addu'a ta ce a fitar da abin nan daga ɗaki kafin magariba 😂 Anti ko ke ma ki gwada tofa masa

Ummu_Salma:
Kai Auta Allah ya shirye ka, mutane na cikin damuwa 😂

Maman_Husna:
Na gode muku duka. Yau da safe na je ofishin, na ce a ba ni cikakken jerin kira, da farko suka ce sai na cike fom na jira kwana 10, na ce Litinin za ku yanke ni ta yaya zan jira kwana 10, sai wani dattijo a ciki ya tausaya ya buga min. Shafi 11 ne, irin doguwar takardar nan mai huji-huji a gefe, tawadar ma ta kusa ƙarewa sai da na kai ta bakin taga. Na zauna da biro da rula ina bi layi-layi. Lambar daidai ce, ta cikin gari. Amma akwai kira 412 da ba su kai minti ɗaya ba, wasu daƙiƙa 24, wasu 31, a jere a jere, kowanne an caje shi cikakke. Sannan akwai guda ɗaya na awa 9 da minti 40, daga ƙarfe 10 na dare har wayewar gari, ranar da na tabbata ba na gida ma, muna asibiti da Husna. Kuma wannan kiran babu shi a lissafin kamfanin intanet. To yanzu wanne zan yi jayayya a kai?

Injiniya_Bash:
Na awa 9 ɗin nan shi ne makaminki. In da gaske kina haɗe da intanet dole ya fito a wajen kamfanin intanet, tunda bai fito ba to su yi bayanin da wa layin yake magana. Ki roƙi kamfanin intanet su buga miki nasu jerin da hatiminsu ki haɗa biyun. 412 ɗin kuwa za su ce na'urarki ce ta buga, sai dai in kin taɓa kai ƙorafin layin yana ƙara. Yanzu ki cire alamar sake bugawa in layi ya katse, ki kunna ƙarar modem, in kin gama aiki ki zare wayar daga bango gaba ɗaya. Windows yana ajiye bayanin modem amma in ba a saita ya riƙa tarawa ba, na ƙarshe kawai yake riƙewa, ki saita shi tun yau.

Maman_Husna:
Na kai ƙorafin ƙarar layi sau biyu a watan, ta waya, ba su ba ni wata lamba ba.

Baba_Mai_Ritaya:
Ko ba su ba ki ba akwai littafin da ake shigar da ƙorafin gyara, ki faɗi ranakun a takardarki. Amma har yanzu ina kan bakana, ki biya.

Zee_Lawal:
Ta biya awa 9 da tana asibiti da 'yarta? Haba Baba.

Alhaji_Na'Allah:
Littafin gyara! Ni wata uku layin gidana ya mutu lokacin damina, ko ƙara babu in ka ɗaga, amma kuɗin hayar layi bai fasa zuwa ba ko wata ɗaya. Wa ya taɓa ganin an rage masa wannan?

Ummu_Salma:
Wlh Alhaji ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu sati shida, masu gyara suka zo sau uku suna hawa sanda suna sauka, na ƙarshe ya ce wayar ce ta ruɓe a ƙarƙashin ƙasa ba aikinsu ba ne, aikin wani sashe ne. Bil kuwa ranarsa bai taɓa kuskurewa ba.

Sadiq_K:
Mu kuma in ka ɗaga sai ka ji hirar maƙota a layinka, wata rana har matar ta ce min in sauka tana magana. Anya ma Anti ba irin wannan ba ne ya same ki, wani ya hau layinki da dare?

Injiniya_Bash:
Zai iya yiwuwa in an haɗa a akwatin sanda, amma ai lambar da aka kira ta kamfanin intanet ɗinta ce, sai dai in shi ma can yake da asusu. In haka ne kuwa zai fito a lissafin wani ba nata ba. Hajiya ki tambaye su wane asusu ne ya shiga daga lambarki a daren.

Baba_Mai_Ritaya:
Kuɗin hayar layin da ya mutu ana ragewa, amma sai ka nema a rubuce, ba a yi wa kowa da kansa.

Ummu_Salma:
Shekara nawa muna biya ba wanda ya taɓa faɗa mana haka. Baba na bara ma zan iya nema ko ya wuce?

Maman_Husna:
Ni dai gobe Juma'a, rabin rana suke yi. Zee don Allah turo min yadda kika rubuta taki takardar in gani kafin dare.