Horon ƙaramar bindiga idan maharin ya matso kusa

Shawarar da masu koyar da harbi suka fi nanatawa ita ce: iya saitin allo daga nesa, mutum na tsaye hankali kwance, bai wadatar ba. Farmaki yakan zo ne kwatsam, a kurkusa. A 1983 Dennis Tueller, ɗan sanda a Salt Lake City ta Amurka, ya nuna cewa mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da ƙwararre ke buƙata ya zaro bindiga ya harba.

Shi ya sa suka ce a koyi zarowa daga kube ƙarƙashin riga, da gocewa gefe, da riƙe bindigar dab da jiki don kada a fizge ta. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi aka fi sakaci da shi, alhali makamin da aka ƙwace kan mai shi yake juyawa.

Wasu sun fifita koyon kokawa tukuna. Amma kowa ya yarda a fara atisaye da bindiga marar harsashi, a gaban malami mai lasisi, a kuma san dokar kare kai ta ƙasar da ake zaune.