Neman kalma: me za mu kira "populism" da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, masu fassara da 'yan jarida. Wata kalma ta hana ni sakat, ita ce populism, kuma da wuya a yi labarin siyasar Turai ba ta faɗo ba. Ranar da aka bayyana sakamakon zaɓen Jamus na watan Fabrairun 2025, inda jam'iyyar AfD ta zo ta biyu da kusan kashi 21 cikin 100, ni aka ba labarin in fassara a gidan rediyon da nake aiki. Saura minti goma a shiga labarai, mai karantawa na tsaye a kaina yana duba agogo, sai kawai na rubuta "masu tsattsauran ra'ayi" na miƙa masa. Washegari bayan sallar asuba kawuna ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Kai ɗan nan, ashe su ma Jamusawa 'yan bindiga sun addabe su? Har cikin majalisa?" Ban ga laifinsa ba. A kunnen mutanenmu, mai tsattsauran ra'ayi yana daji da makami. Na gwada "masu ra'ayin riƙau", sai na tuna da ita muke kiran 'yan mazan jiya irin su jam'iyyar CDU, wadda ita ce ma ta zo ta ɗaya a zaɓen. To ina mafita?

Ɗan jarida, Kano: Wa alaikumus salam. Abokina, kana wahalar da kanka. Ka ce "masu ƙyamar baƙi" ka huta. Marine Le Pen a Faransa, Geert Wilders da jam'iyyarsa ta fi kowa kujeru a Holan a 2023, Viktor Orban da ya kafa shingen waya a iyakar Hangari da Sabiya a 2015, me ya haɗa su in ba ƙin baƙi ba? Mai sauraro zai gane nan take.

Ɗaliba a Jamus: Yaya, a yi haƙuri, wannan hular ba ta rufe kan duka. Jam'iyyar Podemos ta Sifaniya, da aka kafa a 2014, da wannan kalmar ake siffanta ta, alhali ba baƙi take yaƙa ba. Manyan 'yan siyasa da masu bankuna ta sa a gaba. Haka Syriza da ta ci zaɓe a Girka a Janairun 2015 saboda mutane sun gaji da tsuke bakin aljihun da masu ba da bashi suka ƙaƙaba musu. Ita kanta AfD da aka fara maganarta, a 2013 kan batun kuɗin yuro da ceto ƙasashen da bashi ya yi wa katutu aka kafa ta. Sai bayan kwararar 'yan gudun hijira ta 2015 ta mai da baƙi babban jarinta. Abin da na ga ya haɗa su duka shi ne salon magana: ga mu nan jama'ar ƙasa na gari, ga su can manya da suka ci amanarmu, ko a fadar gwamnati ko a Burasels, hedkwatar Tarayyar Turai, kuma ni kaɗai nake magana da yawunku.

Ɗan jarida, Kano: Na karɓi gyara, ƙanwata. In haka ne, "siyasar talakawa" ke nan.

Malamin Hausa mai ritaya, Zariya: A'a, yaro, dakata. Wannan sunan yana da mai shi. Duk wanda ya ji "siyasar talakawa" a Kano ko Zariya ko Katsina, NEPU zai tuna, da Malam Aminu Kano, da PRP. Tun da aka kafa NEPU a 1950 kalmar ta ɗauki wani nauyi: mutanen da aka ɗaure, aka yi wa bulala a gaban alƙali saboda sun ƙi cire takalmi ko sun yi taro ba izini. Mahaifina yana cikinsu, ina da tabon bayansa a idona har gobe. In ka ce a rediyo "Le Pen mai siyasar talakawa", ka naɗa mata rawanin da ba ta saya ba, kuma tsofaffinmu za su ɗauka 'yar gidansu ce.

Amma kada ku yar da kalmar talaka, don ita ce ta fi kusa. Yaran yanzu sun ɗauka talaka shi ne matalauci. Asali ba haka ba ne. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Attajiri mai raƙuma ɗari, in ya je gaban sarki, talakansa ne. Wannan rabon na talakawa da masu sarauta shi ne daidai abin da 'yata ta Jamus ta bayyana. Turawa na fama da dogon bayani a kai, mu kuwa muna da shi a baki tun kaka da kakanni.

Mai tambaya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan ya buɗe mini ido. Kafin in ci gaba, ga biyu da aka turo mini ta bayan fage: "siyasar farin jini" da "siyasar romon baka". Ta farko ina ganin kuskuren fassara ce, an rikita kalmar da 'yar'uwarta mai nufin shahara. Ta biyu ta yi daɗi a kunne, sai dai wane ɗan siyasa ne ba ya romon baka? In muka ɗauke ta, kowa ya shiga, har kansilan unguwarmu.

'Yar jarida, Damagaram: Sannunku da aiki. Mu da muke sauraron kafofin Faransa kullum, akwai abin da nake ganin zai taimaka. Taken yaƙin neman zaɓen Marine Le Pen a 2017, in ka mai da shi Hausa, "Da sunan jama'a" ne. Shi ke manne a jikin teburin da take tsayawa ta yi jawabi. Haka Nigel Farage, ɗan siyasar Birtaniya, daren ƙuri'ar raba-gardama ta 23 ga Yunin 2016 kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ya ce nasara ce ta mutanen gaske. Kashi 52 suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. Su waɗannan 48 ɗin fa, aljanu ne? Nan gizo ke saƙar: ba wai suna son talaka ba ne kawai, cewa suke yi duk wanda bai bi su ba, ba ya cikin jama'a. To mu haɗa maganar Malam da taken matar nan mana: siyasar da-sunan-talaka. Masu yin ta kuma 'yan da-sunan-talaka.

Malamin Hausa mai ritaya, Zariya: Madalla, 'yata. Ginin ya zauna a Hausa. Haka muka yi 'yan ga-ruwa, 'yan ci-rani, 'yan ba-ni-na-iya, 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Bahaushe ya saba ɗaukar guntun zance ya mai da shi suna. Kuma "da sunan" ta raba ta da gadon NEPU.

Ɗan jarida, Kano: Ni ina da ja. Akwai habaici a ciki. In ka ce mutum ya yi abu da sunan wane, kamar ka ce fakewa ya yi da guzuma yana harbin karsana. A sharhi ba laifi, amma a labarai ba mu yanke hukunci. Wanda ya zaɓi Giorgia Meloni har ta zama firaministar Italiya a Oktoban 2022 ba zai yarda cewa yaudararsa aka yi ba. Wasunsu masana'antar garinsu aka rufe, haya ta fi ƙarfinsu, kuma tsofaffin jam'iyyu sun yi kunnen uwar shegu da su.

Ɗaliba a Jamus: Gaskiya ne kokensu ba duka ƙarya ba ne, ina zaune cikinsu. Amma yaya, ita ma asalin kalmar ba yabo ba ce. A nan yawanci abokan hamayya da jaridu ke jifan mutum da ita, kaɗan ne ke amsa ta da alfahari. Kuma "da sunan" ba dole ta zama zargi ba. Wakili yana magana da sunan sarki, ba wanda ya ce maƙaryaci ne. Mai sauraro ke yanke wa kansa ko da gaske ake ko fakewa ce.

Mai tambaya: Bari in gwada ta a bakin aiki mu ji.

"Jam'iyyun 'yan da-sunan-talaka sun ƙara yawan kujerunsu a Majalisar Tarayyar Turai a zaɓen Yunin 2024."

"A 2018, jam'iyyar Five Star ta Italiya, wadda ɗan barkwanci Beppe Grillo ya assasa, ta haɗa gwamnati da jam'iyyar Lega, 'yan da-sunan-talaka biyu ke nan a inuwa guda."

Na karanta su da ƙarfi sau uku, harshe bai sarƙe ba. Inda ake buƙatar bambancewa sai a ƙara siffa: 'yan da-sunan-talaka masu ƙyamar baƙi, irin su Wilders, 'yan da-sunan-talaka masu ra'ayin gurguzu, irin su Podemos. Ka ga kalmar abokina na Kano ba ta faɗi ƙasa banza ba, ta samu gurbinta. "Masu tsattsauran ra'ayi" kuma a bar ta ga waɗanda suka cancance ta.

Ɗan jarida, Kano: Na sauka, amma da sharaɗi. Duk labarin da aka sa ta a karon farko, a bi ta da jimla guda ta bayani: wato masu raba ƙasa gida biyu, talakawa da manya, suna cewa su kaɗai ne muryar talaka. Sai kunne ya saba tukuna a bar ta ta tsaya da ƙafarta. Kuma a kanun labari ta yi tsawo.

'Yar jarida, Damagaram: Ƙirga mana. "Masu tsattsauran ra'ayi" ta fi ta tsawo, kuma shekara nawa kuna cusa ta a kanu?

Mai tambaya: Shi ke nan, an tsaya a kan siyasar da-sunan-talaka, ɗan da-sunan-talaka, 'yar da-sunan-talaka, 'yan da-sunan-talaka, da ƙaramin layi a tsakani wajen rubutu. Zan kai wa editanmu gobe, sannan in gwada ta a kan kawu bayan sallar asuba. Abin da ya ce zan dawo in faɗa muku a nan.